Gidan da Yusha'u Ya Auna da Toka

A duk unguwar Rikoto babu wanda ya taɓa kiran Yusha'u injiniya sai Yusha'u. Gaskiyar maganar ita ce ya yi shekara tara yana bin masu awon hanya, shi ke riƙe doguwar sandar nan mai zanen ja da fari, ya tsaya ƙiƙam cikin rana har sai mai leƙen na'ura ya ɗaga masa hannu. To amma tun da ya dawo gida labarin ke ƙara ƙiba a bakinsa. Yanzu in ka zauna kusa da shi a wurin mai shayi, duk kwanar da ke tsakanin Zuru da Dirin Daji shi ya lanƙwasa ta da hannunsa.

Matarsa Maijidda ta shekara talatin tana jin wannan, ta saba da shi kamar yadda ake sabawa da ƙarar injin niƙa. Da a baki abin ya tsaya, da babu wanda zai ji kansu. Sai ga saƙo daga Bena cewa autarsu Khairunnisa, wadda kowa ke kira Auta, tana da cikin fari. Bisa al'ada gida za ta zo ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego na kwana arba'in, sannan ta koma ɗakinta.

Yusha'u yana son yarinyar nan, so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Ranar da aka kai ta Bena bayan rumbu ya zaga ya sha kukansa, da aka gan shi ya ce hayaƙi ne. Don haka da ya ji labarin jika, sai ya tsaya a tsakar gida ya dubi ɗakunan ƙasa uku da ya gada wurin mahaifinsa, ya ga duk sun yi masa ƙanƙanta. Nan take ya yanke hukunci cewa jikansa ba zai buɗe ido a ɗaki mai kusurwa huɗu ba. Kusurwa huɗu, in ji shi, ta mutanen da ba su zauna sun yi tunani ba ce. Gida shi ya kamata ya bi sawun masu shi, amma mutane sai su gina akwati su shiga, su ƙare rayuwarsu suna zagaye bango.

Washegari ya huda gindin gwangwanin madara, ya cika shi da toka, ya kama bin Maijidda. Ta nufi murhu, yana bayanta yana zuba toka. Ta juya wurin turmi, toka na biye. Ta doshi makewayi, ya raka ta har bakin ƙofa ya tsaya yana jira. Kwana bakwai ana wannan, kuma ya hana a yi shara. Saloma, matar maƙwabcinsu Mika, ta leƙo ta kan katanga ta ga namiji da furfurarsa yana barbaɗa toka a sawun matarsa, sai ta yafito Maijidda bakin katangar ta tambaye ta a hankali ko tana so a sa ta cikin addu'a ranar Lahadi. Maijidda ta ce a sa, amma a fi ƙarfafawa a kan mai gwangwanin.

A rana ta takwas ya hau kan rumbu ya dubo tsakar gida. Inda Maijidda ta fi bi toka ta yi kauri, inda ba ta cika zuwa ba ta yi siriri. Ya sauko yana rawar jiki, ya kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya ya ja da'ira, ya yanka ta gida shida kamar yadda ake yanka kankana. Kowane yanki ɗaki ne mai kusurwa uku, faɗinsa a waje, tsininsa a ciki. A tsinin nan ƙofar kowane ɗaki za ta kasance, duka shida suna kallon wani ɗan fili a tsakiya, ta yadda mutum zai tsaya wuri ɗaya ya juya kawai ya ga duk inda yake son shiga. Girman ɗaki kuwa kaurin tokarsa ne zai yanke shi. Rufin kwano zai gangaro ciki, ruwan sama ya taru a tsakiya ya bi bututu zuwa wani rami, kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza.

Aka kira Aaron magini. Aaron mutum ne marar yawan magana, ya gina rabin gidajen unguwar. Ya zagaya da'irar sau biyu hannu a baya, ya tambaya ko rumbu ne babba ake so. Da aka ce masa gida ne, sai ya tambaya ta ina za a shiga. Yusha'u ya manta da wannan, amma sai ya ce ai da gangan ya bar shi a ƙarshe don ya gwada kan maginin. Ya ja layi biyu tsakanin ɗakin girki da makewayi, ya ce ga lungun shiga nan, faɗinsa daidai faɗin Maijidda, an ƙara taƙi ɗaya don ladabi.

Maijidda ba ta yi gardama ba, ta san ba a yi da shi. Ranar da za a rushe tsoffin ɗakuna ne kawai, tana ɗaure kwanukanta cikin zani, ta yi maganarta guda ɗaya.

"Malam, gina abin da kaka so. Amma ran da gidan ga ya gaza ɗiyata, ɗaukar ta zan yi in kai ta ɗakin Saloma. Ta riga ta ce min ɗakin ɗanta na nan ba kowa tun da ya tahi soja."

Maganar ta soki Yusha'u inda ba ya so. Mika tsohon soja ne, tare suka tashi, kuma tun suna yara aikinsa ke nan yi wa Yusha'u dariya ba tare da ya buɗe baki ba. A ce jikan fari ya yi arba'in a gidan Mika, cikin ɗaki mai kusurwa huɗu, uban yarinya yana nan da ransa da gidansa? Ya ce wa Maijidda in haka ta faru a daina kiransa injiniya. Ta ce to, ai wannan mai sauƙi ne.

Wata uku ana gini, su kuma suna kwana a rumfa. Mutanen unguwa suka samu wurin hira. Masu babur in sun ɗauko fasinja sai su rage gudu su nuna masa. Mika kullum da hantsi zai jawo kujerarsa bakin katanga ya zauna da rediyonsa a kashe. Yusha'u kuwa yana tsaye kan tarin bulo yana bayani ga duk wanda ya tsaya, har da wanda hanya kawai ya tsaya tambaya. Aaron sau ɗaya ya ƙara magana, ya ce bututun tsakiya ya yi ƙanƙanta. Yusha'u ya ce masa ruwa abu ne mai hankali, in ya ga ƙaramar hanya shi ma sai ya rage jikinsa.

Da damina ta fara sauka suka tare. Gado ya ƙi shiga, don ƙofa a tsinin ɗaki take. Aka kira kafinta ya warware shi, ya shiga da shi katako-katako, ya mayar da shi a ciki. Ko da aka haɗa shi sai aka ga bango ya matse shi ta wajen ƙafa, dole aka sare masa gefe guda. Yusha'u ya ce ai mutum ma ta ƙafa ya fi siranta, gadon ne dama aka yi ba bisa ilimi ba.

Sai ƙyamare. Duka shida waje suke buɗewa, cikin ɗan filin tsakiya, kowanne in ya buɗe sai ya tokare na kusa da shi. Ranar farko Maijidda ta fito da tukunyar miya daidai lokacin da shi ya turo ƙyauren makewayi, aka ci tuwo gaya. Ya kafa doka cewa duk mai fitowa ya yi gyaran murya sau biyu. Cikin mako guda maƙwabta suka fara aiko da maganin tari.

Abin da ya fi ɗaure wa Maijidda kai shi ne rabon ɗakunan. Ɗakin kwanciyarta ya yi girman da za a yi taron biki a ciki. Ɗakin girki kuwa in ta tsuguna gaban murhu, bayanta na taɓa bango. Makewayi sai dai a shiga da baya. Randa ko wurin ajiye ta babu, haka ta zauna a waje, mai jin ƙishirwa ya bi lungu ya fita ya sha ya dawo. Yusha'u ya ce ba shi ya raba ba, ƙafarta ce ta raba, toka ba ta ƙarya.

Mika ne ya warware zancen, wata rana da ya shigo ganin gida ya tsaya a tsakiya yana juyawa a hankali.

"Yusha'u, wane wata ka bi ta da gwangwani?"

"Wata bai shigo cikin lissahi ba."

"Na tuna dai ina cin abincina a ɓoye don kar in ba ku sha'awa."

Maijidda da ke tankaɗe ta ajiye rariya. Cikin azumi ne, azumin tsakiyar zafi. Kwana bakwai ɗin nan ba ta je randa da rana ba ko sau ɗaya, ba ta hura wuta ba sai bayan la'asar, makewayi ma wanda bai ci bai sha ba me zai je yi. Daga hantsi zuwa azahar kwance take a inuwar mangwaro tana jiran rana ta yi sanyi, shi kuma yana zaune gefe yana ta zuba toka wuri ɗaya. Saloma ma ta ɗauke ƙafa a watan don kada ta dame su, shi ya sa toka ba ta nuna baƙo ko ɗaya ba. Ashe gidan masu azumi Yusha'u ya gina, wanda ba a ci, ba a sha, ba a karɓar baƙi.

Da wani ne da ya sunkuyar da kai. Yusha'u ya ce wannan ma falala ce, gidan zai riƙa tuna wa mutum lahira.

Ana haka Auta ta iso daga Bena da cikinta wata takwas. Ta tsaya bakin lungu ta dube shi, ta dubi kanta. Ta gwada shiga a karkace, karkacen ya fi muni. A ƙarshe ta miƙe ta shiga kai tsaye a hankali, hannuwa a sama, uwarta na ja ta gaba, Saloma na ba da umarni ta baya. Akwatinta a gidan Mika ya kwana. Da ta isa tsakiya ta zauna tana haki, uban ya tsaya yana jiran yabo. Ta ce, "Baba, gidan ya yi kyau." Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya fita ya gaya wa mai shayi cewa masu ilimin zamani sun gani sun shaida.

Cikin watan Agusta ta haihu a asibiti, namiji, lafiya lau. Aka dawo gida, aka fara wankan jego. Wankan nan kuwa ba na wasa ba ne: rabin ganga ake ɗorawa a wuta safe da yamma, ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Makewayin Yusha'u ko bokiti ba ya ɗauka tare da mutum. Don haka a waje ake dafa ruwan, a shigo da shi bokiti-bokiti ta lungu, a yi wankan a ɗan filin tsakiya inda bututu yake. Lokacin wanka kuwa ba mai fita daga ɗakinsa, duk gyaran muryar da zai yi. Yusha'u ya sha zama a tsare awa guda da buta a hannu. Ruwan wanka yana bin bututu ya wuce, ganye ma yana binsa, amma shi ba ya wucewa. Wannan babu wanda ya lura.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, dangin uban jariri sun zo daga Bena mota guda. Aka raba goro da dabino, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Abubakar Siddiƙ. Liman bai gama shafawa ba Yusha'u ya miƙe ya ce tunda Allah ya tara jama'a, bari ya yi ɗan bayani kan gidan. Ɗan bayanin ya kai har aka gama feɗe rago. Ya ce nan da shekara goma duk Zuru haka za ta koma, masu kusurwa huɗu za su riƙa rufe fuska in sun wuce. Ya nuna rufin ya ce addu'arsa ɗaya, Allah ya kawo ruwa yau mutanen Bena su ga aiki da idonsu.

Aka amsa masa bayan azahar. Lokacin mata sun cika gidan, sun shiga ɗaya bayan ɗaya ta lungu kamar masu layin rigakafi, wajen arba'in a babban ɗakin Maijidda, Auta da jariri da Saloma a ɗakin da aka ware wa mai jego. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, kafin a kwashe tabarmi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Maza suka fake a rumfar Mika. Yusha'u kuwa ya ja surukinsa da wasu dattawa biyu zuwa bakin lungu, ya ce su kasa kunne su ji yadda ruwa ke bin umarni.

Rufi ya yi aikinsa tsaf, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Duk ɗigon da ya sauka a kan ɗakuna shida ya gangaro tsakiya. Bututu ya karɓi abin da zai iya ta cikin ganyen kwana bakwai, ya yi wani ɗan kuka, ya yi shiru. Aaron kuma, bisa umarnin mai gida, ya ɗaga dokin ƙofar lungu sosai don kada ruwan titi ya shigo, sai ga shi ya hana na ciki fita. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Takalman mata arba'in suka taso suna zagaye filin a jere. Wani dattijon Bena ya tambaya cikin ladabi ko nan ne ramin da ake tara ruwan. Yusha'u ya ce matakin farko ke nan.

Sai aka fara bugun ƙyamare daga ciki. Ruwa ya danne su ta waje, wanda aka samu aka ɗan tura kuma sai ya tokare na kusa da shi. Mata arba'in suna salati a ɗaki ɗaya, wata tana gyaran murya da iyakar ƙarfinta don an gaya mata dokar gidan. Yusha'u ya naɗe babbar riga ya faɗa ciki, ya durƙusa yana laluben bakin bututu, ya fito da ganye danƙi guda, ya sake fito da wani, ruwa bai ko kula shi ba. Yana nan durƙushe ya ji muryar Auta ta bayan ƙyaure, ba da ƙarfi ba.

"Baba, ruwa ya taɓa katifa. Na ɗaga yaron sama, hannuna ya gaji."

Tsoro ya kama Yusha'u irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ja ƙyauren da hannu biyu, ya ƙi. Ya fito da gudu ta lungu, ya zagaya bayan gida inda tagar ɗakin take, 'yar zagayayyiya wadda ya yi alfahari da ita don babu irinta a garin. Mika ya riga shi isa da lema. Saloma ta miƙo jaririn ta tagar a naɗe cikin zani uku, Mika ya karɓe shi ya sa cikin rigar ruwansa ta soja, ya nufi gidansa. Jariri ya wuce ta tagar, amma uwarsa ko kafaɗa ɗaya ba za ta wuce ba.

Aaron yana cikin 'yan suna, ya je ya ɗauko guduma ya tsaya yana kallon mai gida, don ba ya fasa ginin mutum sai an ce ya fasa. Yusha'u ya fizge gudumar. A gaban mutanen Bena da na Rikoto da masu babur da suka fake, injiniya ya rushe bangon gidansa da hannunsa, yana duka yana kiran sunan 'yarsa. Da ramin ya isa, Auta ta fito Saloma na riƙe da ita, ruwa ya biyo su ya wanke wa jama'a ƙafa. Matsin ya ragu, ƙyamare suka buɗe, mata suka fito ɗaya bayan ɗaya kowa na neman takalminta. Maijidda ce ta ƙarshe. Ta dube shi jiƙe sharkaf da guduma a hannu, tausayinsa ya kama ta, amma magana ta riga ta fita. Ta wuce gidan Saloma da tukunyar kunun kanwa a kai.

Da ruwa ya ɗauke, wani daga cikin baƙi ya matso ya yi masa jaje. Yusha'u ya ce ba komai, dama tsarin yana buƙatar ƙofa ta bakwai, ruwan ne kawai ya nuna inda za a sa ta. Ya faɗe ta yadda ya saba, sai dai muryar ba ta fita sosai ba, kuma babu wanda ya yi dariya, wanda hakan ya fi masa ciwo.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ya yi sallama a ƙofar Mika kafin ya ga jikansa. Mika ya ba shi kujera, ya miƙo masa yaron, bai taɓa tayar da zancen gidan ba ko sau ɗaya. Yusha'u ya zauna a ɗaki mai kusurwa huɗu da jariri a cinya, yana satar kallon bangon. A rana ta biyar ya tashi daga nan bai zarce wurin mai shayi ba, ya tafi ya sami Aaron yana kwaɓa siminti a wani gida. Ya daɗe yana kame-kame, ya yi zancen damina, ya yi zancen tsadar yashi, sannan ya rage murya ya tambaya kwana nawa ɗaki ɗaya zai ci, a filin da ya rage wajen mangwaro.

Aaron bai ɗago ba. "Wane iri?"

"Irin na mutane."

"Sati huɗu, in ruwa ya bari."

Yusha'u ya ƙirga da yatsu. Kwana goma sha biyu sun tafi cikin arba'in, saura ashirin da takwas cif, ranar da za a gama ita ce ranar da motar Bena za ta zo.

"Ka yi shi cikin ashirin da bakwai," in ji shi. "Ni zan riƙa miƙo maka bulo, kuma ba zan ce komi ba. Ko kwana guda ne, ta yi shi gidan ubanta."